Hannu Biyu a Kan Ƙoƙon Ƙadangare

A ƙarshen dogon barandar sashen nazarin dabbobi na jami'ar, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, akwai wata ƙofa da ɗalibai ba sa son wucewa ta gabanta da cikinsu a cike. Warin sinadari ne ke fara tarar mutum, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani warin da ba a tambayar asalinsa. Fiye da shekara talatin ke nan mutum guda ke riƙe da makullin wannan ƙofa. Sunansa na gaskiya yana cikin takardun ofis, amma daga masu gadi har shugaban sashe, Mai Ƙadangaru kowa ke ce masa. Ɗalibai su kan ƙara Baba a gaba.

Ba malami ba ne. Yana matashi ya shigo da takardar difloma, aka ɗauke shi mai kula da ɗakin ajiyar ƙasusuwa, domin cikin masu neman aikin shi kaɗai ne bai ja da baya ba da aka buɗe tulun gilashin da mesa ke naɗe a ciki. Idan aka kawo mataccen ƙadangare ko maciji, shi zai feɗe, ya sa kan cikin akwatin wasu ƙwari masu cin nama su share shi tas, ya wanke, ya shanya, ya rubuta masa lamba, ya kwantar da shi a auduga cikin ɗan kwali. Sannan ya auna. Yana da awartakin awo na ƙarfe mai sirarran baki biyu, wanda ya riga rabin malaman sashen fara aiki. Ƙoƙon kan da bai kai ƙwayar wake ba, zai riƙe shi tsakanin yatsu biyu ya faɗa maka tsawonsa kafin ya dubi ma'aunin, kuma da wuya ya kuskure.

Direban sashen, wanda ke kai shi daji neman dabbobin, ba ya rabuwa da tsokanarsa.

"Mutane suna neman na kansu, kai kana neman kan ƙadangare."

"To kai da kake tuƙa ni fa? Ɗan rakiyar mai neman kan ƙadangare, ai lalacewarka ta fi tawa."

Matarsa malamar lissafi ce a sakandare, Malama yake ce mata tun kafin aure. 'Ya'yansu uku. Maza biyun tun suna yara suka ce su da ɗakin babansu sai dai daga nesa, kowa ya kama wata sana'ar. Ƙaramarsu, mace, ita ce ta biyo shi. Komai nata a hankali take yi, sai ta ɗaga ƙafa ta yi nazari kafin ta sauke, har wata rana uwar ta gaji da jiranta a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ai hawainiya na haifa." Sunan ya zauna. Da shi ta gama firamare, da shi ta gama digiri biyu a sashen da ubanta ke aiki, da shi ta fara na uku a ƙarƙashin Farfesa, wata mace mai ƙarancin magana da yawan jan biro, wadda ita ke jagorantar binciken dabbobi masu jan ciki.

Abin da Hawainiya ke bincike ba shi da wuyar faɗa. A ƙoƙon kan kowane ƙadangare da maciji akwai ɓangaren da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, su a ɗakin, gidan ƙwaƙwalwa suke ce masa. Tana so ta san me ke tsara siffarsa, dangi ne ko irin rayuwar dabbar. Zatonta shi ne, masu tona ƙasa da kai su shige, ƙadangaru ne ko macizai, gidan ƙwaƙwalwarsu zai yi kama da juna ko da ba dangi ɗaya suke ba, ya kuma bambanta da na masu yawo a sarari da masu hawa bishiya. Ta zaɓi kawuna ɗari uku da tamanin daga durowoyin ubanta. Kowanne a sa shi cikin na'ura ta ɗauki hotonsa ta ko'ina, ya fito a fuskar kwamfuta ya kai girman kankana, ana juya shi yadda ake so. Sai ta ɗiga masa ɗigo talatin da biyu a wurare sanannu: mahaɗin ƙashi da ƙashi, ƙarshen wani tudu, kafar da wata jijiya ke fita. Idan an gama duka, kwamfuta za ta gwama su ta zana taswira, kowace dabba ta zama tabo guda. Masu kama da juna su taru, masu bambanci su yi nisa.

Teburinta taku uku ne daga nasa.

"Baba, zamanin awartaki ya wuce fa," ta kan ce, idonta a kan kwamfuta.

"Ranar da aka ɗauke wuta za ki zo aro."

"Kai tsawo kake aunawa, ni siffa."

"Ni dai na san duk kan da kike juyawa a nan, ni na wanke shi. Ki gaishe shi da ladabi."

Ta fara da masu yawo a sarari, ta bar masu tonon ƙasa sai ƙarshe, domin su ne mafi ƙanƙanta, tana so hannunta ya gama faɗawa kafin ta kai gare su. Cikin shekara biyu ta yi ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Sai ta fara cewa kanta yana ciwo. A asibiti aka ɗauki hoton kan, aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa, a wurin da wuƙar likita ba ta kaiwa. Daga ranar da ta fara faɗin ciwon zuwa ranar da aka binne ta, mako goma sha ɗaya ne. Shekarunta ashirin da tara.

Bayan mako biyu Mai Ƙadangaru ya koma aiki. Kujerarta tana nan yadda ta ture ta. A kan tebur kwalaye ɗari da talatin da tara suna jere cikin layi, an riga an ɗauki hotonsu, ɗigo kawai suke jira. Ya yi kwana uku yana share ƙura yana kewaye su. A na huɗu ya hau bene ya ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa.

"Ranki ya daɗe, aikin yarinyar nan, me za a yi da shi?"

Farfesa ta cire tabarau. "Baba, digiri ba zai yiwu ba. Amma idan aka kammala awon, za a iya buga sakamakon a mujalla, sunanta a farko. Matsalar ita ce ba ni da ɗalibin da zan ɗora a kai yanzu."

"Ni zan yi."

"Ka taɓa riƙe linzamin kwamfuta?"

"Na riƙe gamsheƙa da rai. Wannan ai ba ya sara."

Ta yi ɗan murmushi, ta miƙo masa takardar da Hawainiya ta rubuta wuraren ɗigon nan talatin da biyu. Ya karanta a tsaye. Babu wurin da bai sani ba, wasu ma shi ya nuna mata su tana shekara goma. Farfesa ma ta san haka, shi ya sa ba ta zauna ta ga yadda yake ɗigawa ba. Wa zai koya wa Mai Ƙadangaru inda kafar jijiyar ido take?

Wata bakwai ya yi a kan kujerar 'yarsa. Da farko linzamin yana zille masa kamar sabulu, daga baya ya bi hannunsa. Kai ɗaya a rana, wani lokaci biyu. Ba ya gaggawa, kuma ba ya barin kowa ya taya shi. Wanda ya binne ɗansa ya san irin wannan aikin. Ba mantuwa ake nema a cikinsa ba, wurin zama kusa da mamacin ake nema. Duk fayil ɗin da ya gama sai ya ajiye shi ƙarƙashin nata, lamba na bin lamba, har jerin ya cika ɗari uku da tamanin.

Ranar wata Laraba da hantsi Farfesa ta sauko da kanta, abin da ba ta cika yi ba, da kwamfutarta a hannu. Ta ajiye a teburinsa ta juyo masa da fuskar.

"Baba, duba abin da 'yarka ta hango."

Taswirar ta rabu gida biyu, kamar an sa wuƙa an yanka. Tabo masu yawa a hagu, wasu a dama, tsakaninsu fili fetal.

"Na hagu masu yawo a sarari ne, na dama masu tonon ƙasa. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin rabuwa mai tsabta haka ba." Ta buɗe jan bironta. "Gobe zan fara rubutu."

Ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau, ya matso da fuskarsa. Kowane tabo da lambarsa a gefe, shi kuma waɗannan lambobi ba baƙinsa ba ne, shi ya rubuta su da hannunsa. Ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba hoton 'yan ajinsu. Ga damon da mota ta take, ga kasar da manomi ya kawo a buhu. Sai idonsa ya tsaya a kan ɗari biyu da arba'in, can a gefen hagu. Ya nemi ɗari biyu da arba'in da uku. Yana dama, a ɗaya ƙarshen duniya.

Waɗannan biyun ya san su. Kulɓa ce ta yashi, iri ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya ya kama su ƙarƙashin dutse ɗaya, direba yana riƙe masa jaka. Durowar irinsu guda goma sha biyu ce, kuma a cikinta Hawainiya ta tsaya. Ta yi bakwai, shi ya ƙarasa biyar. Ya nemo sauran. Bakwai a hagu, biyar a dama.

Farfesa ta riga ta rufe biro tana shirin tashi. Tabo goma sha biyu ne cikin ɗari uku da tamanin, kuma ban da shi babu mai rai da ya san daga ƙarƙashin wane dutse suka fito. Da ya yi shiru, da takardar ta tafi haka, da sunan 'yarsa a kan abin da malamarta ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ya daɗe yana kallon wannan fili na tsakiya.

"Ranki ya daɗe," ya ce, da wata murya da shi kansa bai gane ba, "waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne."

Ta duba inda yatsansa yake. Ta koma ta zauna a hankali. Ta danna wasu abubuwa, ta sa kwamfutar ta rina kowane tabo da launin wanda ya auna shi, na Hawainiya baƙi, nasa ja. Taswirar ta sake fitowa. Hagu baƙi ƙirin, dama ja wur. Ko ɗaya bai tsallaka ba.

"Innalillahi," in ji Farfesa. Ta dafe baki da hannu. Can ta ce, "Buɗe min kai ɗaya. Sa min ɗigo na tara ina gani."

Ya buɗe, ya juya ƙoƙon, ya nemo kafar da jijiyar ido ke fita, ya ɗiga a leɓenta na waje.

"Me ya sa a nan?"

"A nan bakin awartaki ke kamawa. Tsakiyar rami ai iska ce, me za a kama a iska?"

Ta buɗe ɗaya daga cikin na Hawainiya. Ɗigo na tara yana zaune daram a tsakiyar ramin, inda awartaki ba zai taɓa tsayawa ba amma linzami yana tsayawa. Suka koma kan takardar. An rubuta, "na tara: kafar jijiyar ido." Ba a ce tsakiya ba, ba a ce gefe ba. Hawainiya ba ta ga dalilin faɗa ba, shi bai ga dalilin tambaya ba. Cikin ɗigo talatin da biyu, goma sha ɗaya ramuka ne irin wannan, kuma a kan da bai kai ƙwayar wake ba, rabin faɗin rami ba ƙaramin abu ba ne.

"Ke nan babu bambanci tsakanin dabbobin?" ya tambaya.

"Wataƙila akwai. Amma yanzu ba mu san nawa ne na ƙadangare, nawa ne na hannunka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Baba, kuma ni na bar tsagar. Ya kamata in zauna da kai tun ranar farko."

"Yaya za a yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ƙa'idar aikin ita ce hannu ɗaya ya auna duka. Nata ya tafi. Sai dai a ajiye nata gefe, ka sake auna ɗari uku da tamanin ɗin da naka."

Ya ji maganar kamar an ce a sake fitar da gawa daga gida. Shekara biyu Hawainiya ta zauna a nan tana ɗiga su ɗaya bayan ɗaya, ɗigo fiye da dubu bakwai, su ne kaɗai abin da hannunta ya bari a duniya wanda ba tufafi ba ne. Takarda za ta fita da sunanta, amma babu ko ɗigonta guda a ciki.

"A'a, ranki ya daɗe. Nawa za a zubar. Ki ba ni lokaci in koyi hannunta."

"Baba, shekara talatin hannunka yana bin hanya ɗaya."

"Ni na koya mata tafiya. Ta koya min wannan."

Farfesa ta yarda, amma da sharaɗi. Idan ya ce ya shirya, za ta zaɓo kawuna talatin daga cikin waɗanda Hawainiya ta auna, daga farko har ƙarshe, ta ɓoye ɗigonta ta kuma ɓoye lambobin. Ya auna su a makance. Idan nasa ya hau kan nata, aikinta ya tsira. Idan bai hau ba, ba za ta sake jin roƙo ba.

Wata biyu ya yi yana koyo. Ya kulle awartakin a durowa don kada hannunsa ya tuna. Ya fara daga kai na ɗaya, ya buɗe ɗigonta ya kalla, ya rufe, ya sa nasa, ya buɗe ya gwada. Ya gano cewa a mahaɗin ƙashi uku tana zaɓar inda layukan suka fara haɗuwa, ba inda suka rabu ba. Ya gano tana karkata ƙoƙon kaɗan zuwa sama kafin ta nemi tsakiyar rami. A gida Malama ta kan same shi yana ɗiga yatsa a kan tebur.

"Malam, shayinka ya huce. Ko shi ma ɗigo za ka sa masa?"

Bai wuce kai na tamanin ba a koyon, domin daga nan ya ga hannunsa ya daina saɓa wa nata. Ya hau bene ya ce ya shirya. Gwajin ya ɗauke shi mako uku.

Da Farfesa ta sauko da sakamakon, ba ta juyo masa da kwamfutar nan take ba. Ta rufe ƙofar ɗakin tukuna, abin da ba a yi saboda wari.

"Cikin talatin, ashirin da ɗaya ka hau kan nata kamar hannu ɗaya ne ya yi. Ban taɓa ganin mutum biyu sun dace haka ba."

"Taran fa?"

"Taran ka saɓa."

"To a ƙara min wata ɗaya. Tsufa ne, idona..."

"Ba kai ba ne, Baba."

Ta juyo da fuskar. Ta ce da ta ga taran duk gefe ɗaya suka kauce, sai ta duba lambobinsu, ta ga duk na ƙarshe-ƙarshe ne. Sai ta kwana biyu tana buɗe fayilolin Hawainiya bi da bi, domin kwamfuta tana rubuta ranar da aka ajiye kowanne. Ta buɗe masa na ɗari da hamsin, ɗigo na tara yana tsakiyar rami. Na ɗari da saba'in, yana tsakiya. Na ɗari da saba'in da biyar, ya ɗan gusa dama, da ƙyar ido zai gani. Na ɗari biyu, ya kusa taɓa leɓen ramin. Na ɗari biyu da talatin, ya fita daga ramin gaba ɗaya, yana zaune a kan ƙashi sumul inda babu komai. Ba shi kaɗai ba, duk talatin da biyun sun gusa, kowanne dama, kowane mako gaba kaɗan.

Ya dubi ranar da ke jikin na ɗari da saba'in da biyar. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Wata biyar kafin ta fara cewa kanta yana ciwo.

Ɗakin ya yi masa tsit, har yana jin motsin ƙwarin nan a cikin akwatinsu. Wata biyar abin yana cin ganinta ta gefe ɗaya, tana zaune taku uku daga gare shi, shi da ke gane bambancin gashi guda a kan ƙadangare. Sai abubuwa suka shiga dawo masa. Yadda ta riƙa buga kafaɗarta ta hagu a jikin ƙofar nan, har ya ce mata ko ƙofar ce ta matso. Ranar da ta zuba ruwan zafi a gefen kofi, ya yi dariya ya ce likitar ƙadangaru ba ta iya awon kofi ba. Ita ma dariyar ta yi.

"Baba," in ji Farfesa, "likitoci sun ce ko da an gani da wuri..."

"Na ji abin da suka ce."

Ya roƙe ta ta buga masa jerin ranakun a takarda. Ya kulle ɗakin da azahar, karo na farko a shekara talatin da ɗaya da ya tashi kafin lokaci, ya tafi gida. Ya tarar da Malama a falo tana duba takardun jarrabawar ɗalibanta. Ya yi tunanin ɓoye mata tun a hanya, amma mace ce da ba a ɓoye wa lamba. Ya ajiye takardar a kan nata, ya yi mata bayani a taƙaice. Ta bi jerin da jan bironta har ta kai layin da ya ja wa alama. Ta daɗe a wurin.

"A watan nan ne ta kawo min allura in zura mata zare," ta ce. "Sau biyu. Na ce mata yawan kallon kwamfuta ne, ta je a gwada mata tabarau idan ta samu sarari." Ta ajiye biron. "Ba ta samu sarari ba."

Suka zauna, babu mai kallon wani. A waje mai gyaran takalma yana ta ƙwanƙwasa akwatinsa yana wucewa.

"Nawa ne lafiyayyun?" ta tambaya daga baya.

"Ɗari da saba'in. Farfesa ta ce tunda hannuna ya hau kan nata a waɗannan, za a bar su yadda ta yi su. Saba'in da ɗayan da suka biyo baya dole a cire. In sake su, in sake nawa ɗari da talatin da tara."

"Da wane hannu?"

"Da nata. Na lokacin da take lafiya."

Malama ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a cikin jakarta. "To ka je ka yi mata. Da tana nan ta ga ɗigo a wajen rami, ka san ba za ta yi barci ba."

Ya fara da nasa, ya bar saba'in da ɗayan nan sai ƙarshe. Farfesa ta kwashe tsofaffin fayilolin ta adana a wani wuri, ta ba shi kawunan babu ɗigo a jikinsu, don haka bai sake ganin inda hannun 'yarsa ya kauce ba. Amma ya san lambobin, kuma ya san kowace lamba da makon da take. Akwai ranakun da kai ɗaya ya gagare shi, sai ya tashi ya je ya ba ƙwari abinci, ya dawo. Wata goma aikin ya ci.

Da aka sake zana taswirar, babu fili fetal a tsakiya. Masu tonon ƙasa sun karkata gefe guda, ƙadangarunsu da macizansu tare, amma gefensu yana cuɗanya da na sauran, kuma tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ta farko ba. Kulɓar yashi goma sha biyun suna cure wuri ɗaya. Farfesa ta rina tabon da launin mai awo, baƙi da ja suka fito a gauraye, ba a gane inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauka.

"Ba abin da zai girgiza duniya ba ne," ta ce. "Amma duk wanda ya sake aunawa, wannan zai samu."

Takardar ta fito bayan shekara guda, shafi goma sha huɗu, sunan Hawainiya a farko, nasa na biyu bisa nacin Farfesa da umarnin Malama. A ciki an rubuta cewa mutum biyu ne suka sa ɗigon, an gwada hannuwansu a makance, an tarar ba su saɓa ba.

Saura shekara biyu ya yi ritaya. Har yanzu shi ke riƙe da makullin. Ya kafa doka a ɗakin wadda ba ta cikin kowane littafin sashe: duk ɗalibin da ke awo, ranar ɗaya ga wata sai ya sake auna kawuna goman da ya fara da su, Baba ya gwada da na baya da idonsa. Ɗalibai suna gunaguni, suna cewa ɓata lokaci ne. A bara ya ga ɗigon wata ɗaliba ya fara gusawa. Bai jira ta samu sarari ba, a ranar ya sa direba ya fito da mota, shi da kansa ya raka ta asibiti, ya zauna a benci awa huɗu. Da ta fito, tabarau kawai aka rubuta mata.